Yadda Ake Girmama Mutum a Farisanci Idan Ana Maganarsa

Tambayar yadda ake girmama mutum a Farisanci idan ana maganarsa ta yi ta zuwa, yawanci daga ɗalibanmu da suka samu gurbin karatu a Iran, a Ƙum ko Tehran ko Ƙazwin, sai kuma masu zuwa Mashhad ziyara da 'yan kasuwa. Kusan dukkansu sun iya gaisuwa, kuma sun san babba ba a ce masa *to*, wato "kai", sai dai *shomâ*, wato "ku". Inda ake samun cikas shi ne idan babban ba ya wurin, ko yana zaune ana ba wani labarinsa. Za ka shiga ofis ka tambaya ko shugaban sashe ya zo, za ka gaya wa abokin karatu abin da malam ya faɗa jiya, za ka yi wa maƙwabci ta'aziyyar mahaifinsa. A irin waɗannan wurare ne Ba'iraniye yake auna tarbiyyarka, domin girman wanda ake maganarsa yana cikin ƙarshen aikatau da irin aikatau ɗin da ka zaɓa. Sassauta murya kaɗai ba ya isarwa.

Bahaushe ya shigo da jari a hannu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a zaure ya ce "Malam suna ciki?" ko ya ce "Baba sun fita" ya riga ya san tushen abin. Sai dai a wurinmu ba mai ganin laifin wanda ya ce "Malam ya fita". A jami'a ko ofis ko hauza (makarantar horar da malaman addini) a Iran, idan ka bar jam'in, kunne yana kamawa nan take.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Ka samu littafin rubutu guda, ka raba kowane shafi gida uku: maganar kowa da kowa, maganar ɗaga wani, maganar sauke kai. Ka saka allon rubutun Farisanci a wayarka, kyauta ne. Kada ka dogara da na Larabci, domin babu پ da چ da ژ da گ a cikinsa. Don duba kalma akwai shafin Vajehyab, shi ma kyauta, ya tattara ƙamusun Dehkhoda da Mo'in da Amid wuri guda. Abin da zai ci maka kuɗi shi ne data, saboda dole ka riƙa sauraron hirarraki da wasannin kwaikwayo na iyali, inda ake jin suruki da suruka da maƙwabci suna maganar juna. Wanda yake shekarar koyon harshe, a Cibiyar Dehkhoda ta Jami'ar Tehran ko Jami'ar Imam Khomeini ta Ƙazwin ko Jami'ar Al-Mustafa a Ƙum, ya sani cewa aji yana fara ba da harshen littafi ne. Na baki sai a waje, don haka ka nemi ɗan ƙasa guda wanda ba zai ji nauyin gyara maka ba. Samun irinsa yana da ɗan wuya, domin yawancinsu yabo za su yi maka ko da ka kwafsa.

Kafin ka fara, ka tabbata ka haddace ƙarshen aikatau guda shida: *-am, -i, -ad, -im, -id, -and*. Game da rubutu kuwa, â doguwar a ce mai karkata zuwa o, kh ita ce خ, gh tana tsaya wa غ da ق, c kuma kamar ta "ciki" a Hausa.

1. Auna mutanen kafin ka buɗe baki

Tambayoyi uku za ka yi wa kanka. Wanda za ka ambata ya girme ka a shekaru ko ilimi ko muƙami? Yana da dangantaka da wanda kake magana da shi? Yana jin ku? Ko guda ta zama e, ka girmama.

Ta biyun ce aka fi mantawa. Ƙanin abokin aikinka yana iya zama ƙanin bayanka, amma tunda a gaban yayansa kake maganarsa, kuma ba ku saba ba, ɗaga shi za ka yi. Girman na yayan ne.

Hawa uku ne. Na ƙasa shi ne na abokai, suna tsurarsa da aikatau tilo. Na tsakiya shi ne laƙabi da aikatau jam'i. Na sama shi ne laƙabi da jam'i da sauya aikatau ɗin kansa, abin da ya shiga cikin al'adar ɗaga wani da sauke kai da suke kira *ta'ârof*. Shawarata ga baƙo ita ce ya zauna a na tsakiya har sai ya zama masa jiki. Ban da 'yan wuraren da za mu kawo a mataki na 10, babu wurin da hawa na tsakiya zai ba ka kunya.

2. Sa wa sunan laƙabi

Namiji *âghâ*, mace *khânom*. Idan sunan dangi ne ya biyo baya, akwai ɗan wasalin haɗi a tsakani: *âghâ-ye Karimi, khânom-e Karimi*. Idan sunan yanka ne, babu wasalin, kuma an fi saka laƙabin a baya: *Ali âghâ, Maryam khânom*. Wannan na biyu na maƙwabci ne da mai shago da dangi, akwai girma a ciki akwai sabo. A jami'a da ofis sunan dangi ake amfani da shi.

Digiri ma laƙabi ne, kuma ba sa wasa da shi: *âghâ-ye doktor Karimi, khânom-e mohandes Karimi*. *Mohandes* injiniya ne, *ostâd* malamin jami'a ko gwanin wata sana'a. Har a tarihi laƙabin yana bin mutum. Firaministan da aka kifar a 1953 *doktor Mosaddegh* ake ce masa, wanda ya fara riƙe muƙamin bayan juyin juya halin 1979 kuma *mohandes Bâzargân*. A takarda ko taro ana ƙara wani hawa a gaba: *jenâb-e âghâ-ye* ga namiji, *sarkâr-e khânom-e* ga mace. Malamin addini mai rawani, da dattijo mai kamala, *hâj âghâ* ake ce musu, dattijuwa *hâj khânom*, ba tare da an binciki ko sun sauke farali ba.

Hattara: kada ka haɗa *âghâ-ye* da sunan yanka ka ce *âghâ-ye Ali*. Wannan alamar baƙo ce. Kada kuma ka kira malami da sunan danginsa tsura a gaban wani malami ko ma'aikacin sashe. Ɗalibai suna yi a tsakaninsu a ɗakin kwana, amma iyakarsa nan.

Wajen ƙirga manya ka ce *nafar*: *se nafar az asâtid*, mutum uku daga cikin malamai. *Tâ* da ake ƙirga kaya da yara da ita ba ta dace da nan ba.

3. Sauya wakilin suna

Farisanci ba ya bambanta "shi" da "ita". *U* ce ta kowa a littafi, *un* a baki. Ta girmamawa ita ce *ishân* (ایشان), a baki *ishun*. A tsofaffin littattafai ma'anarta "su", amma yau idan ka ji ta, kusan kullum mutum ɗaya ake nufi. Idan mutane da yawa kake nufi da gaske, *ânhâ* za ka ce, a baki *unâ*, ko ka ce *âghâyân, khânom-hâ, dustân*.

Gabatar da mutum: *Ishân ostâd-e man hastand*, wannan malamina ne. Tambayar wanene: *Ishun ki hastan?*

Hattara: *In kiye?*, wannan wane ne, tambaya ce daidai a nahawu, amma *in* da *un* su ne ake nuna kujera da kofi da su. Ka faɗe ta a kan mutumin da yake tsaye yana jin ka, ka ci masa fuska. *Yâru* kuma, wadda za ka ji a tasi da kasuwa, ta raini ce, kamar a ce "wancan taliki". Ka gane ta, kada ka ɗauke ta. Idan ba ka son kama suna, ka ce *ye bande khodâyi*, wani bawan Allah, yadda mu ma muke cewa.

4. Mayar da kowane aikatau jam'i

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Dokar gajera ce: mutum ɗaya, aikatau na mutane da yawa. A littafi ƙarshen *-and* ne, a baki d ɗin tana faɗuwa ya zama *-an*.

*Ostâd âmad* ya koma *ostâd âmadand*, malam sun zo. *Miravad* ya koma *miravand*, suna tafiya. *Ast* ya koma *hastand*, *nist* ya koma *nistand*. *Âmade ast* ya koma *âmade-and*. *Khâhad raft* ya koma *khâhand raft*. A baki za ka ji *umadan, miran, hastan, nistan*.

Ba sai da *ishân* ake jam'in ba. Laƙabi ko sunan zumunta ya isa: *pedaram goftand*, mahaifina sun ce, *khânom-e doktor raftand*, likita sun tafi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a gyara aikatau na farko a manta da na biyu. Farisanci yana yawan jera aikatau biyu, kowanne da ƙarshensa. "Yana so ya tafi" *mikhâhad beravad* ne, na girmamawa *mikhâhand beravand*. "Ba zai iya zuwa ba" *nemitavânad biyâyad* ne, na girmamawa *nemitavânand biyâyand*. "Yana kan zuwa" *dârad miâyad* ne, na girmamawa *dârand miâyand*. Idan ka ce *mikhâhand beravad* ka raba jimlar gida biyu, mai sauraro zai ɗauka wasu mutane ne suke so wani ya tafi.

Na biyu shi ne gajiya a tsakiyar labari. Mutum zai fara da *ostâd âmadand*, jimla ta uku sai ya zame zuwa *goft* da *raft*. Wannan ya fi rashin farawa muni, saboda yana nuna girmamawar ta fatar baki ce. Maganinsa atisaye: ka ɗauki labarin abin da malami ya yi tun shigowarsa aji har fitarsa, jimla goma, ka faɗa da ƙarfi kana naɗa a waya, sannan ka saurara ka ƙirga inda *-an* ta ɓace. Ka yi ta maimaitawa kullum har ka daina samun ko guda.

5. Gyara ƙananan ɗafe-ɗafen mallaka

Ɗafin *-ash*, a baki *-esh*, shi ne "nasa, nata, shi, ita". Na girmamawa *-eshân* ne, a baki *-eshun*. *Ketâbash* ya koma *ketâbeshân*, littafinsu. *Khodash* ya koma *khodeshân*, su da kansu. *Behesh goftam* ya koma *beheshun goftam*, na gaya musu. *Didamesh* ya koma *didameshun*, na gan su.

Hattara, akwai rami a nan. A wasu jimloli ɗafin ne kawai yake sauyawa, aikatau yana nan tilo, domin ba mutumin ne mai aikin ba a nahawu. *Hâleshân khub ast*, jikinsu da sauƙi: lafiyar ce take da kyau, ita kuwa tilo ce. Haka *sardeshân ast*, suna jin sanyi. *Yâdeshân raft*, sun manta. *Khosheshân âmad*, abin ya burge su. Wanda ya yi zafin nama ya ce *yâdeshân raftand* ya wuce gona da iri. Ka ware wa waɗannan shafi na musamman a littafinka.

Idan ka kai nan ka mallaki hawa na tsakiya. Ka tsaya mako biyu ko uku kana amfani da shi kafin ka ci gaba.

6. Ɗauko aikatau na ɗaga wani

Wasu aikatau na yau da kullum suna da takwarori na girmamawa. Ba su da yawa, kuma yawancinsu daga Larabci aka gina su, don haka wanda ya yi karatun zaure zai riƙe su da wuri.

Faɗa, *goftan*, yana komawa *farmudan*: *ostâd farmudand*, malam sun ce, *mifarmâyand*, suna cewa.

Zuwa, *âmadan*, yana komawa *tashrif âvardan*. Tafiya, *raftan*, yana komawa *tashrif bordan*. Kasancewa a wuri yana komawa *tashrif dâshtan*.

Ci da sha, *khordan*, yana komawa *meyl kardan*. Bayarwa, *dâdan*, yana komawa *lotf kardan* ko *marhamat kardan*. Dubawa, *didan*, yana komawa *molâheze kardan*. Barci, *khâbidan*, yana komawa *esterâhat kardan*. Rashin lafiya kuma *kesâlat dâshtan*.

A aikatau masu ƙarewa da *kardan*, ana iya cire shi a saka *farmudan* don ƙara hawa: *molâheze farmudand, emzâ farmudand*, sun duba, sun sa hannu. Wannan na takarda ne da taro.

Ga yadda abin yake a ƙofar ofis. Ka ƙwanƙwasa, sakatariya ta ɗago kai daga kwamfuta. Ka ce: *Bebakhshid, âghâ-ye doktor tashrif dâran?*, gafara dai, dokta suna nan? Ta ce: *Na kheyr, tashrif bordan*, a'a, sun fita. Ka ce: *Key tashrif miyâran?*, yaushe za su zo? Ta ce bayan azahar. Ka ce: *Lotfan beheshun befarmâyid man khedmat residam*, don Allah ki gaya musu na zo. Ta ce: *Cashm, khedmateshun arz mikonam*, to, zan gaya musu. Ka lura da abin da ya faru. Kai ka kira faɗin da za ta yi *farmudan*, ka ɗaga ta. Ita ta kira faɗin nata *arz kardan*, ta sauke kanta. Likitan da ba ya nan ya samu *tashrif* da jam'i daga gare ku duka biyun. Wannan 'yar hirar ta ƙunshi tsarin gaba ɗaya, kuma ta cancanci a haddace ta kamar karatu.

Hattara: waɗannan aikatau ba a yi wa kai da su. *Man farmudam* ko *man tashrif âvardam* daidai yake da mutum ya naɗa wa kansa rawani. Hattara ta biyu: idan aka yi su a kan yaro ko aboki na kusa, gatse ne. Uwa za ta ga ɗanta ya shigo da tsakar dare ta ce *âghâ tashrif âvordan*, kowa ya san faɗa ne. Don haka idan ka yi wa abokin ɗakinka irin wannan magana da zuciya ɗaya, yana iya ɗauka kana jin haushinsa.

7. Sauke kanka idan aikinka ya taɓa shi

Rabin girmamawar a nan yake, kuma shi ne baƙi suka fi bari. Duk aikin da ka yi wanda ya nufi babban, yana da nasa aikatau na ƙanƙan da kai. Harafin *be*, "ga" ko "zuwa", shi ma yana komawa *khedmat-e*.

*Be ostâd goftam*, na gaya wa malam, ya koma *khedmat-e ostâd arz kardam*. *Pish-e ostâd raftam*, na je wurin malam, ya koma *khedmat-e ostâd residam*. *Ketâb râ be ostâd dâdam* ya koma *ketâb râ khedmat-e ostâd taghdim kardam*. *Ostâd râ didam* ya koma *ostâd râ ziyârat kardam*, kuma wannan ziyara ba ta hubbare kaɗai ba ce, ganin mutum mai daraja ma haka ake kiransa. Barin wurinsa *morakhkhas shodam* ne, wato an sallame ni.

A maimakon *man* ana cewa *bande*, bawa, mace da namiji duk suna faɗa, aikatau kuma yana nan na mutum na farko: *bande arz kardam*. A takardar neman wani abu *injâneb* ake rubutawa. Na san wasu 'yan uwa ba sa son kiran kansu bawa a gaban ɗan Adam. Ba dole ba ne. Ka bar *man*, ko ka cire wakilin sunan gaba ɗaya ka ce *arz kardam*, ladabin ya cika. *Nokaretam* da *câkeram*, wato ni baranka ne, da za ka ji maza suna jefa wa juna a titi na abota ne, kada ka kai su ofis.

Hattara, wannan kuskuren yana da zafi. Shi ma babban yana sauke kansa idan yana magana, zai ce *arz kardam ke*. Idan ka zo ba wani labari, kada ka kwaso aikatau ɗinsa ka ce *ostâd arz kardand*. Ka mayar da shi ƙasa ke nan da bakinka. Abin da ya kira *arz*, kai *farmudand* za ka ce.

8. Iyalinsa da iyalinka

Iyalin wanda kake magana da shi duk ɗagawa ake yi. Matarsa *khânometun* ko *hamsaretun*, mijinta *âghâtun* ko *hamsaretun*, ɗansa *âghâ pesaretun*, 'yarsa *dokhtar khânometun*. Gidansa *manzel* ne, ya fi *khune* nauyi. Dattawa da mutanen hauza za ka ji suna cewa *abavi, vâlede, akhavi, hamshire* ga uba da uwa da ɗan'uwa da 'yar'uwa.

Hattara: *zanet*, matarka, magana ce mai kaushi. A gidajen da suka riƙe addini, namiji ba ya kama sunan matar wani, *khânevâde khuban?* yake cewa, iyali suna lafiya? *Âghâzâde* a da kalmar girmama ɗan mutum ce, har yanzu tsofaffi suna faɗa, amma ta zama sunan da ake yi wa 'ya'yan manya masu cin gajiyar muƙamin iyayensu. Baƙo ya fi aminci da *âghâ pesaretun*.

Naka iyalin kuwa sai da lura. Iyayenka suna samun jam'i a gaban baƙo, kuma Iraniyawa suna jin daɗin jin haka: *mâdaram salâm resândand*, mahaifiyata sun ce a gaishe ku. Amma idan mahaifinka ne zai je wurin babban da kake magana da shi, ana haɗa abu biyu, aikatau na sauke kai da ƙarshen jam'i: *pedaram fardâ khedmat miresand*. Ka ba mai sauraro girmansa, ba ka rage wa mahaifinka nasa ba. A ganina babu jimlar da ta fi wannan nuna ƙwarewa a harshen.

Idan aka tambayi mutanen gidanka, amsar ita ce *salâm dâran khedmatetun*, suna gaishe ku. Idan yara aka tambaya, *dast-busan*, suna sumbatar hannunku. Idan aka ce *salâm beresunid*, ka gaishe su, ka ce *bozorgitun ro miresunam*, zan isar da girmanku, ko ka tsaya a *cashm, hatman*, to, tabbas.

9. Mamaci da magana marar daɗi

*Mord*, ya mutu, ba a faɗarsa a kan mutumin da ake ganin girmansa, balle a gaban danginsa. Ka ce *fot kardand*, ko *be rahmat-e khodâ raftand*. Jarida *dargozasht* take rubutawa. Manyan malamai *rehlat* ake ce wa rasuwarsu, kamar yadda ake faɗa a kan Imam Khomeini da ya rasu a 1989. Wanda aka kashe a yaƙi ko don aƙida *shahid shod*, laƙabin kuma yana manne wa sunansa, shi ya sa za ka ga *Shahid Beheshti* a kan jami'a da titi.

Akwai wata jimla da take rikita baƙi: *omreshun ro dâdan be shomâ*, sun ba ku rayuwarsu. Sanarwar rasuwa ce cikin taushi. Amsarta *khodâ rahmateshun kone*, Allah ya ji ƙansu, da *tasliyat migam*, ina yi muku ta'aziyya.

Gaban sunan mamaci ana saka *marhum*, mace *marhume*, ko *khodâ-biyâmorz* a baki. *Zende-yâd* da *shâdravân* an fi yi wa masana da marubuta da masu fasaha, kamar *zende-yâd Maryam Mirzâkhâni*, masaniyar lissafin da ta ci babbar lambar yabon lissafi ta Fields a 2014 ta rasu a 2017.

Idan za ka ambaci ciwo ko masifar da ta samu wani, ka fara da *dur az jun-e shomâ*, nesa da ranku. Idan za ka faɗi aibin wanda ba ya nan don wata lalura, ana cewa *gheybateshun nabâshe*, kada ya zama giba, kuma jam'in ba ya faɗuwa don kana sukarsa.

10. Wuraren da ba a yin jam'i

Allah tilo ne a nahawu kamar yadda yake a aƙida: *Khodâ midânad*, *Khodâvand mifarmâyad*. A addu'a *to* ake ce masa. Kada son ladabi ya sa ka ce *Khodâ midânand*. Annabawa da Imamai suna ɗaukar *hazrat-e* a gaban suna, wakilin sunansu *ân hazrat*, kuma a wa'azi za ka fi jin *farmudand*. Mawaƙan da, irin su Sa'di da Hafez, suna samun aikatau na girma amma tilo: *Sa'di mifarmâyad*.

Labarai da rubutun bincike suna da nasu tsarin. Jarida tana cewa *vazir goft*, sannan *vey afzud*, ya ƙara da cewa, tilo ko da minista ne. Kafofin gwamnati suna keɓe jagoran ƙasar da *ishân* da jam'i. A kundin digirinka, idan kana kawo ra'ayin wani masani, sunan dangi da aikatau tilo sun isa, *ishân* da *farmudand* ka ajiye su don shafin godiya. *Vey* kuma ta rubutu ce, ba a faɗarta a hira. *Nâmborde*, wanda aka ambata, ta kotu ce da takardar hukuma.

Wanda yake zaune da 'yan Afganistan, kuma suna da yawa a Ƙum da Mashhad, zai ji suna saka *sâheb* a bayan laƙabi, *dâktar sâheb, hâji sâheb*. Nasu salon ne, ka yi musu da shi, Ba'iraniye kuma ka bar shi da *âghâ-ye doktor*.

11. Gwada labari ɗaya a hawa uku

Ga labarin: Karimi ya zo, ya ce gobe ba zai iya zuwa ba domin mahaifinsa ba shi da lafiya, na ba shi littafin.

Tsakanin abokai, Karimi kuma sa'anku ne: *Karimi umad, goft fardâ nemitune biyâd, con bâbâsh marize. Ketâbo behesh dâdam.*

Ga abokin aikin da ba ku saba ba: *Âghâ-ye Karimi umadan, goftan fardâ nemitunan biyân, con pedareshun marizan. Ketâbo beheshun dâdam.*

Ga shugaban sashe, a saƙon rubutu: *Jenâb-e âghâ-ye doktor Karimi tashrif âvardand va farmudand fardâ nemitavânand tashrif biyâvarand, con pedareshân kesâlat dârand. Ketâb râ khedmateshân taghdim kardam.*

Ka ɗora yatsa a kan jimla ta uku ka bi ta kalma bayan kalma. Laƙabi ya hau, aikatau huɗu na Karimi duk sun ƙare da *-and*, mahaifinsa ya samu *-eshân* da nasa jam'in, aikinka kai kaɗai ne ya sauka zuwa *taghdim kardam*. Ka rubuta labarai biyar naka a wannan tsari, na aji da na asibiti da na gidan haya da na kasuwa da na ta'aziyya, ka kai wa ɗan ƙasar nan da ka samu. Kada ka tambaye shi ko sun yi kyau, zai ce *âli*, wato sun yi kyau ƙwarai. Ka tambaye shi yadda shi zai faɗa wa shugabansa, ka rubuta abin da ya fito daga bakinsa a gefen naka. Kafin ka tura kowane saƙo na gaske kuma, ka duba kada harshen baki da na littafi su cakuɗe a jimla guda: in ka fara da *ishân* ka ƙare da *-and*, in ka fara da *ishun* ka ƙare da *-an*.